Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Martani Ga Mai Kare Addini Da Hujjar Durkaim

Malam, na karanta maƙalarka sau biyu, kuma tun a karatun farko na gane da kyakkyawar niyya ka rubuta ta. Ka ga samarinmu na jami'a suna dawowa gida da maganganu masu nauyi a baka. Wasu sun fara cewa addini ne ya daƙile mu, shi ya hana mu ci gaba, shi ke haɗa mu faɗa. Sai ka ce bari ka amsa musu da harshen da suke girmamawa, wato na masanan Turai. Ka ɗauko Emil Durkaim, ka ɗauko Malinoski, ka jero musu abin da masu ra'in amfani suka faɗa: addini yana haɗa kan jama'a, yana koyar da tarbiyya, yana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rasuwa, yana rage yawan masu kashe kansu. Ka rufe da cewa tunda har waɗanda ba su yi imani ba sun shaida amfanin addini, magana ta ƙare.

A wurina ba ta ƙare ba. Na daɗe ina koyar da waɗannan ra'ayoyi a aji, kuma abin da ka miƙa wa yaran nan ya ba ni tsoro. Shaidun da ka kira ka katse su ne a tsakiyar magana. Da ka bar su sun ƙarasa, da ka ji abin da ya fi na samarin ciwo.

Ga wanda bai zauna ajin ba, ra'in amfani ba shi da wuyar fahimta. Masu shi suna kallon al'umma kamar jikin ɗan Adam: zuciya da aikinta, hanta da nata, ƙoda da nata. Idan suka ga wata al'ada ta daɗe a cikin jama'a, ba ruwansu da ko gaskiya ce ko ƙarya. Tambayarsu guda ce: wane aiki take yi wa jikin, har ya sa bai yar da ita ba? Aure, makaranta, kotu, kasuwa, masallaci da coci, duk da wannan mudu ake auna su. A kan mudun nan rigimata da kai take.

An haifi Durkaim a 1858 a garin Efinal da ke gabashin Faransa, a gidan malaman Yahudawa. Mahaifinsa limaminsu ne, kakansa ma haka, shi ma an so ya gaje su, amma tun da ƙuruciya ya ajiye addinin. Yana ɗan shekara goma sha biyu Jamusawa suka murƙushe Faransa a yaƙin 1870, sannan ya girma cikin ƙasar da coci da gwamnati ke ta ja-in-ja, har aka kai ga dokar 1905 da ta raba su. Abin da ya dame shi tsawon rayuwarsa shi ne: idan coci ya saki linzamin jama'a, me zai riƙe Faransawa kada su watse? Da ya koma jami'ar Sobon a 1902, cikin darussan da ya riƙa bai wa masu shirin zama malaman makaranta har da yadda za a tarbiyyantar da yara ba tare da an jingina tarbiyyar ga Allah ba. Ya nazarci addini ne kamar yadda bakanike ke kwance inji, don ya gane yadda yake aiki, ya samo abin da zai maye gurbinsa.

Littafinsa na 1912 a kan tushen rayuwar addini shi ne ka fi jingina da shi. Durkaim bai taɓa taka Ostareliya ba. Ya gina littafin ne a kan rahotannin wasu, musamman Sifensa da Gilen, game da ƙabilar Arunta ta tsakiyar ƙasar. Kowane dangi a cikinsu yana da wata dabba ko tsiro da yake girmamawa, yake kiran kansa da sunanta, yake ƙaurace wa cinta, wato abin da Bahaushe ya sani da kan-gida tun zamanin maguzanci. Durkaim ya lura cewa alamar kan-gidan ita ce kuma tutar dangin. Daga nan ya yanke hukunci: tunda abin bauta da dangi alamarsu ɗaya, to abu ɗaya ne. Ƙarfin nan da mai ibada yake ji ya fi shi girma, yana ba shi umarni yana kuma tallafa masa, a cewarsa ƙarfin jama'a ne. Idan dangi suka taru ana waƙa ana rawa, shauƙi ya kama kowa, mutum ya ji kamar an ɗauke shi zuwa wata duniya, to daga wannan tafasar taro ne tunanin alfarma ya samo asali. Bai kuma tsaya kan Arunta ba. Ya ɗauke su ne a matsayin irin da sauran addinai suka tsiro daga gare shi, har da nawa da naka.

Wannan ne mutumin da ka kira ya yi maka shaida. Ya yarda addini ba mafarki ba ne, amma dalilinsa shi ne akwai wani abu na haƙiƙa a bayansa, kuma sunan abin al'umma. A ganinsa, mai sujada jama'arsa yake wa sujada bai sani ba. Kana iya cewa ka ɗauki rabin farko na maganar ka bar rabi na biyu, amma ɗalibin da ka tura wurinsa zai karanta littafin har bango.

Zancen kashe kai ma haka yake. Gaskiya ne a littafinsa na 1897 ya nuna cewa a ƙasashen Turai da ya duba 'yan Furotestan sun fi 'yan Katolika yawan kashe kansu. Amma ya fito fili ya ce ba aƙida ce ta jawo bambancin ba, tunda duka ɓangarorin biyu sun haramta abin. Ƙarfin cuɗanya ne, da yadda jama'a ke riƙe da ɗanta. A littafin nan dai ya nuna cewa yawan iyali yana yin wannan aikin, kuma a lokacin yaƙi ma adadin yakan ragu saboda mutane sun dunƙule. Ka ga ke nan a mudunsa, coci da gida mai yawan 'ya'ya da yaƙi sahu ɗaya suke.

Nan ne ramin da nake tsoron yaranmu su faɗa. Abin da aka kare da amfaninsa kaɗai, ranar da aka sami mai yin aikinsa an sallame shi. Fitilar ƙwai ba ta yi laifin komai ba, lantarki ne ya zo. Masu ra'in da kansu sun san haka. Robat Meton, ɗaya daga cikin manyansu a Amurka, ya rubuta a 1949 cewa kuskure ne a ɗauka wani tsari ba shi da madadi, domin aiki ɗaya abubuwa dabam-dabam na iya yin sa. A 1967 kuma Robat Bela ya nuna yadda Amurkawa suke da wani addini na ƙasa a gefen coci-cocinsu, da bikin rantsar da shugaba, da ranar tunawa da mazan jiya, da tsoffin shugabanni irin su Washintan da Linkon da ake ambato da girmamawa irin ta waliyyai. To yanzu yaron da ka ce wa a riƙe addini don yana kawo amana da zaman lafiya, gobe zai ɗauko wayarsa ya nuna maka Denmak da Siwidin, inda masu zuwa coci kowane mako 'yan kaɗan ne, amma ga asibiti, ga fansho, ga amana a ofisoshi. Zai ce maka sun sami amfanin ba tare da ibadar ba, mu kuwa masallatanmu da coci-cocinmu a cike, baitulmalinmu a yashe. Da hujjar da ka ba shi, me za ka ce masa?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ka tsallake malaminmu na gida, wanda ya ga wannan ramin shekara ɗari biyar kafin Durkaim. Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377, kuma babu wanda zai ce bai san amfanin addini ga al'umma ba. Shi ne ya bayyana yadda kiran addini ke ƙara wa asabiyya ƙarfi, ya kawar da hassada da gasa tsakanin ƙabilu, har 'yan kaɗan su rinjayi masu yawa, ya kawo misali da Sahabbai a Ƙadisiyya da Yarmuk, da kuma Muwahhidai a Magrib. Amma tun a farkon littafin ya tsaya ya yi wa masana falsafa gyara. Su sun ce mutane ba sa iya zama tare sai da mai tsawatarwa, mai tsawatarwa kuma sai da shari'a daga Allah, saboda haka hankali kaɗai ya isa ya tabbatar da wajabcin annabci. Hujja ce da aka kawo don taimakon addini, kamar taka. Ibn Khaldun ya ƙi karɓarta. Ya ce a duba duniya: al'ummomin da ba su da Littafi sun fi masu Littafi yawa, kuma sun kafa dauloli, sun bar gine-gine, sun yi mulki da ƙarfin sarauta ko na asabiyya. Saboda haka ba daga buƙatar zaman tare ake tabbatar da annabci ba, daga shari'a ake saninsa. Mutumin nan alƙalin Malikiyya ne a Masar, ba ya neman rusa addini. Ya gane ne cewa hujja mai rauni cutar da gaskiya take yi, domin ranar da aka karya ta mutane za su zaci gaskiyar ce ta karye.

Sai mu zo kan tarihi, domin ra'in amfani ko a matsayin bayanin abin da ya faru ma yana ɗingishi. A ce an tura mai wannan mudu Makka a shekara ta bakwai bayan aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Me zai gani? Zai ga addinin Ƙuraishawa yana aiki sumul. Gumakan ƙabilu suna kewaye da Ka'aba, kowace ƙabila na da dalilin zuwa, watanni masu alfarma suna tsai da yaƙi, kasuwar Ukaza na ci, ayarin hunturu da na bazara na tafiya cikin aminci. A gefe guda kuma zai ga wani sabon kira da ya shiga gidaje ya raba su. Mus'abu ɗan Umairu ya rabu da mahaifiyarsa da dukiyarta. An kashe Sumayya. An ɗora wa Bilal dutse a ƙirji. An kulle Banu Hashim a kwarin Abu Ɗalib shekara uku ba saye ba sayarwa ba auratayya. Ƙorafin da manyan Ƙuraishawa suka riƙa kaiwa shi ne an raba musu kan jama'a, an aibata abin da iyaye suka bari, kuma ta fuskar zamantakewa ba ƙarya suka yi ba. A Badar, Abu Huzaifa yana sahun Musulmi, mahaifinsa Utba yana ɗaya sahun. Da mudun haɗin kai za a yi hukunci a wannan rana, ai gumaka ne za su ci. Na san za ka ce mini to ai daga baya Aus da Khazraj sun zama 'yan'uwa a Madina, bayan jinin da suka zubar a Bu'as. Haka ne. Amma haɗuwar ta zo ne a bayan shekara goma sha uku na rabuwa, kuma waɗanda suka jure wa rabuwar ba su jure don sun hango haɗin kan Larabawa ba. Bilal a ƙarƙashin dutse kaɗaitakar Allah yake ambato.

A ƙasarmu ma labarin bai sauya ba. Sarakunan Gobir suna da malamansu na fada masu yi musu addu'a, suna da tsarin da ya gauraya Musulunci da al'adun gargajiya yadda kowa zai sami wurin zama. Tsari ne mai aiki, in aikin shi ne riƙe sarauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi shiga ciki. A Magami, ƙarshen shekarun 1780, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya ba shi kyauta ya ƙi karɓa, ya ce a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Daga baya Sarki Nafata ya hana rawani da lulluɓi. A zamanin Sarki Yunfa abin ya kai ga hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, sai Tabkin Kwatto, sai faɗuwar Alƙalawa a 1808. A Kitabul Farƙi kuma Shehu ya lissafa jangali da gaisuwa cikin abubuwan da masu mulki ke zaluntar mutane da su. Duk wanda ya karanta wannan tarihi ya san akwai addini biyu a Gobir a lokaci guda, ɗaya yana lallaɓa tsarin da ke akwai, ɗaya yana tuhumarsa. Ra'in amfani yana da bayani mai yawa a kan na farko. A kan na biyu bakinsa yakan yi nauyi.

Kada a ce Musulunci kaɗai ne. A 1963, da aka kulle Matin Luta Kin a Bamingam ta jihar Alabama, wasu malaman addini takwas farar fata sun fitar da sanarwa cewa zanga-zangar baƙar fata ba ta dace ba kuma lokacinta bai yi ba, a bi ta kotu, a kiyaye zaman lafiyar gari. Daga cikin kurkuku ya mayar musu da amsa, kuma da hujjar addini ya mayar. Su suna kare natsuwar gari, shi yana neman adalci.

Akwai kuma wani gefen da maƙalarka ta rufe ido a kansa, wanda samarin nan ba za su rufe ba. Faransar da ta haifi Durkaim ita ce ta ga kisan kiyashin da aka yi wa 'yan Furotestan a 1572. Tsakiyar Turai ta ƙone shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648. Meton da kansa ya zargi 'yan'uwansa masu ra'in da cewa sun ɗauko abin da aka gani a ƙananan ƙabilu masu addini ɗaya sun shimfiɗa shi a kan manyan ƙasashe masu addinai da yawa, sun manta da yaƙe-yaƙen addini kamar ba a yi su ba. Mu kuma muna da Disambar 1980 a Kano, inda rikicin Maitatsine ya ci fiye da mutum 4,000. Ina roƙon ka tsaya a nan ka auna da mudunka. Jama'ar Maitatsine tana da haɗin kai ko ba ta da shi? Ta ba gardin da ya shigo birni ba shi da kowa 'yan'uwa da wurin kwana da abin da zai rayu dominsa, ko ba ta ba shi ba? Duk ta yi, kuma da ƙarfin da ya sa suka tsaya gaban bindiga. Mudun amfani ba shi da ma'aunin da zai ce wannan ɓata ce. Malaman da suka ce ɓata ce da Alƙur'ani da Sunna suka auna, wato da tambayar nan ta gaskiya da ƙarya da ra'in amfani ya ajiye a ƙofa tun kafin ya shiga.

Ba ina cewa a zubar da ra'in ba ne, kuma zan nuna maka inda nake ganin ƙimarsa. Wani masani mai suna Abna Kohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969. Hausawan Sabo su ke riƙe da cinikin shanu da ke gangarowa daga Arewa da na goro da ke haurawa daga Kudu. Ciniki ne na amana tsantsa. Mai gida ya sauki fatake, dillali ya haɗa su da mahautan gari, a ba da shanu bashi da baki kawai. Zamanin Turawa hukuma ta san da Sabo a matsayin unguwar Hausawa mai sarkinta, amma da siyasar jam'iyyu ta shigo a farkon shekarun 1950 sai wannan gata ya fara zamewa. A daidai lokacin ne mutanen Sabo suka rungumi Tijjaniyya da yawansu, suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsai da Juma'arsu a cikin unguwa. Kohen ya nuna yadda haɗuwar wazifa ta kullum da biyayya ga malaman ɗariƙa suka sake ɗaure unguwar, amanar ciniki ta tsira. Aiki ne mai kyau, ina sa ɗalibaina su karanta shi, domin ya nuna musu abin da idon mai ciki ba ya gani. Amma ko a nan akwai abu biyu. Juma'ar da ta haɗa Sabo ita ce ta raba su da Musulmin Yarabawa da suke sahu ɗaya da su a da, saboda haka duk wanda ya ce addini ya yi amfani sai a tambaye shi, ga wa? Na biyu, babu dattijon Sabo da ya karɓi wuridi don a tsare cinikin goro. Da an tambaye shi cewa zai yi yana neman kusanci da Ubangijinsa. Kohen ya bayyana mana abin da ya sa ɗariƙar ta bazu a wannan wuri a wannan lokaci, da abin da ta haifar. Abin da ke zuciyar mutumin da ya zauna da carbi bayan Asuba yana wajen iyakar bincikensa.

Wannan abu na biyu shi ne zuciyar magana. Meton ya kawo misalin ƙabilar Hofi ta Amurka da ke bikin roƙon ruwa. Ya ce amfanin fili shi ne neman ruwa, amfanin ɓoye kuma shi ne taron yana ƙarfafa zumuncinsu. To a ce wani ya gamsar da su cewa bikin ba ruwansa da ruwan sama, a dai ci gaba da yi don zumunci. Shekara nawa za su ƙara suna yi? Amfanin ɓoyen yana rayuwa ne muddin mutane na yin abin don dalilin fili. Ranar da aka mai da amfanin ya zama shi ne dalili, dalilin ya mutu, amfanin ma ya bi shi.

Na ga haka da idona lokacin da mahaifina ya rasu. Kwana uku ƙofar gidanmu ba ta rabu da mutane ba. Duk abin da Malinoski ya faɗa game da yadda al'adun mutuwa ke tallafar waɗanda aka bari, su hana gida watsewa, na shaida shi a kan tabarmar nan. Amma abin da ya riƙe ni ba yawan takalman da ke ƙofa ba ne. Kowa ya zauna sai ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan, ni kuma na yi imani akwai Mai ji, kuma addu'ar tana isa. Da wani ya raɗa mini a kunne cewa ana faɗar kalmomin ne don hankalina ya kwanta, da a take sun zama iska. Wannan raɗar ita ce maƙalarka take yi wa samarinmu ba da saninka ba. Kuma kai ka fi ni sanin abin da malamai suka ce game da niyya. Wanda ya tsaya a sahu don jama'a, ba don Mai jama'a ba, mun san sunan aikinsa tun muna makarantar allo.

Malinoskin da ka kira ma bai yarda da Durkaim a nan ba. Ya yi masa raddi cewa mafi ƙarfin lokutan addini sau da yawa a kaɗaice suke zuwa wa mutum, kuma akwai taruka masu tafasa da ba su da alaƙa da ibada ko kaɗan. Wanda ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha ranar da Kano Pillars ta jefa ƙwallo a raga ya san tafasar taro, kuma ya san ba ita yake ji a sujada ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan tashi cikin sulusin dare na ƙarshe, gida duk ana barci, ta yi alwala da ruwan sanyi ta tsaya. Ba mai ganinta, ba ta kuma son a gani. Ebans-Firicad, wanda ya zauna cikin ƙabilar Nuwer ta kudancin Sudan na wancan lokaci, da ya zo ƙarshen littafinsa na 1956 a kan addininsu, ya amsa cewa akwai inda mai nazarin al'umma yake tsayawa, masanin tauhidi ya karɓa. Na fi ganin mutuncin wannan matsayi a kan na wanda ya auna inuwa ya ce ya auna bishiya.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami ban bar maganar a hirar zaure ba. Hujjar amfani masu mulki suna ƙaunarta. Duk lokacin da abinci ya yi tsada ko albashi ya maƙale, sai ka ji an tara malamai da limaman coci ana roƙonsu su je su kwantar da hankalin jama'a. Ba a cika tara su don a tambaye su ko abin da ake yi halal ne ba. Wanda ya yarda cewa aikin addini shi ne riƙe al'umma yadda take, ya yarda ke nan a auna malami da yawan shirun da ya samar. Meton ya lura da wani abu da ya kamata ya tsorata ka: bayanin masu ra'in amfani da na mabiya Markis a kan addini kusan ɗaya ne. Duka sun ce yana sa mutane su haƙura da tsarin da suke ciki. Waɗannan sun yaba, waɗancan sun kira shi abin sa maye. Samarin da kake son dawo da su zargin da suke yi ke nan, cewa addini maganin barci ne da manya ke ba talaka. Kai kuma ka zo ka ce musu ƙwarai, kuma maganin yana aiki.

Don haka ina roƙonka, Malam, ka sake zama ka rubuta musu wata. Ka ba su Durkaim ɗungurungum, da abin da ya gani daidai da inda ya zarce iyaka. Ka haɗa musu da Muƙaddima su ga cewa namu malaman sun yi wannan tunani ba tare da sun sayar da tauhidi ba. Kada ka ɓoye musu 1572, kada ka ɓoye musu 1980. Idan suka tambaye ka dalilin da ya sa kake salla, ka ba su dalilinka na gaskiya, wanda kake tashi da shi da Asuba, domin na tabbata ba haɗin kan al'umma ne ke tashinka ba. Yaran nan suna da hankali, kuma wannan amsar suke jira daga bakinka.